Nazarin Kwatanci a Fagen Bincike: Darasin da Manhajar Hausa Za Ta Koya Daga Suleja

1.0 Gabatarwa

A yayin da muke bitar manhajar Hausa ta manyan makarantun sakandare da kwalejojin ilimi, mun lura cewa ɓangaren al'ada ya fi karkata ga jero bayanai. Ana sa ɗalibi ya haddace sunayen sarautu da sana'o'i da bukukuwa, amma ba a nuna masa yadda aka samo bayanan ba, balle yadda zai auna su. Wannan muƙala za ta yi bayanin hanyar bincike da ake kira nazarin kwatanci, wato ɗora al'ummu biyu a kan sikeli guda domin a gano inda suka haɗu da inda suka rabu, da kuma dalilin rabuwar. Mun ɗauki misalinmu daga Suleja, inda ilimin 'yan ƙasa da na baƙi suka haɗu suka haifar da aikin da har yau ake dogara da shi.

2.0 Dalilin Zaɓen Suleja

A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yi kudu zuwa Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, shi ne kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Garin ya riƙe wannan suna har bayan 1976, lokacin da aka ba sabon babban birnin tarayya sunan Abuja, shi kuma tsohon garin aka koma kiran sa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau.

Ke nan sarautar Zazzau ta rabu gida biyu. A Zariya Fulani suka hau gadon mulki, a Abuja kuwa tsohon gidan sarautar Haɓe ya ci gaba. Asali ɗaya, harshe ɗaya, sunayen sarautu da yawa iri ɗaya, amma tafarki daban. Irin wannan yanayi shi ne abin da mai nazarin kwatanci yake nema ruwa a jallo.

3.0 Haɗuwar Masana

Malam Hassan, Sarkin Ruwan Abuja wanda daga baya ya zama Dallatu, da Malam Shu'aibu Na'ibi, su ne suka tattara tarihi da al'adun garin suka rubuta da Hausa. Frank Heath ya fassara aikin zuwa Ingilishi, aka buga shi a Ibadan a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja.

A ɗaya ɓangaren kuma, M. G. Smith, masanin zamantakewar al'umma haifaffen Jamaika, ya yi bincike na gani da ido a lardin Zariya a 1949 zuwa 1950. A wannan zama ne matarsa Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, aka buga a 1954. Da Smith ya zo rubuta littafinsa Government in Zazzau, wanda ya fito a 1960, sai ya buƙaci sanin yadda mulkin Zazzau yake kafin jihadi. A nan ya jingina da bayanin Malam Hassan game da tsarin sarautun Abuja, ya mai da shi ma'aunin da ya gwada mulkin Fulani na Zariya da shi.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɓangare ya zo da abin da ɗayan ba shi da shi. 'Yan ƙasa sun zo da sanin ciki: wane ne ke naɗa wane, wa ke gaba da wa a fada. Baƙon ya zo da tambayar da ɗan gida bai cika yi ba, domin abin da ka tashi ka tarar ba ya ba ka mamaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4.0 Abin da Kwatancin Ya Fito da Shi

Misali guda ya isa. A Abuja ta ƙarni na 19, manyan rukunan sarki su ne Madawaki da Galadima da Wambai da Dallatu. Madawaki ne shugaban mayaƙa, sauran ukun kuwa sarautun babanni ne, waɗanda ba su da 'ya'yan da za su gaje su, saboda haka ba sa yi wa gadon sarauta barazana. A Zariya sunayen ba su gushe ba, amma aikinsu ya sauya. Da yake gidajen sarauta sun zama huɗu, wato Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, sai sarki mai ci ya riƙa ba 'ya'yansa da danginsa manyan sarautu irin su Madaki domin ƙarfafa gidansa. Wanda ya tsaya ga jerin sunaye kawai zai ce babu abin da ya canja. Kwatanci ne ya nuna cewa suna ɗaya na iya ɗauke da ma'ana biyu.

Bugu da ƙari, Smith bai tsaya nan ba. A 1954 ya kwatanta bauta da 'yantarwa a Zariya da Jamaika, inda ya nuna cewa a Zariya zuriyar bayi ta narke cikin jama'a ta hanyar Musulunci da harshen Hausa, saɓanin rarrabuwar da ta wanzu a ƙasarsa. Daga baya ya faɗaɗa nazarin zuwa Daura da Kano.

Sai dai hanyar tana da hatsarinta. Abuja ba hoton tsohuwar Zazzau ba ce da aka adana a akwati. Mutanenta sun zauna cikin Gbagyi da Koro, sun kuma shafe shekaru cikin yaƙi, dole wasu abubuwa su sauya. Har ila yau, bayanin da ya fito daga fada yakan fi nuna yadda ya kamata abu ya kasance bisa yadda yake a aikace. Wajibi ne malami ya sanar da ɗalibansa wannan.

5.0 Shawarwari

Na farko, a sa wa manhaja darasin kwatanci aƙalla guda a kowane zango: Zariya da Suleja, ko Katsina da Maraɗi, ko Daura da Zango, domin tarihinsu ya yi kama. Na biyu, a tura ɗalibai su tambayi dattawan garinsu aikin sarauta guda, su rubuta da Hausa, sa'an nan makarantu biyu na garuruwa daban su yi musayar abin da suka samo. Na uku, a koya wa ɗalibi ya rubuta sunan wanda ya ba shi bayani, da wuri, da rana. Na huɗu, a nemo rubuce-rubucen Hausa irin na Malam Hassan da Malam Shu'aibu a sake buga su da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu.

6.0 Kammalawa

Ɗaliban jami'a da yawa sun san sunan Smith, amma kaɗan ne suka san malaman Abuja biyu da suka aza harsashin wani sashe na aikinsa, da Hausa kuma suka aza shi. Idan manhajarmu ta ci gaba da ba ɗalibi sakamakon bincike ba tare da hanyarsa ba, za mu yi ta yaye masu ba da labari, wasu kuma su zo su yi nazarin. Burinmu shi ne ɗalibin da zai iya yin duka biyun cikin harshensa.