Iyo, keke da gudu a rana ɗaya: Abin da mai sha'awar gasar tirayatilon a Baure ya kamata ya sani

Duk wanda ya taso a Baure ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san magidantan da a da suke ɗaure buhun gero a bayan keke, su keta rairayi zuwa kasuwa, su komo gida kafin Magariba ba tare da sun ɗauka sun yi wani abin a zo a gani ba. Yau babur ya karɓe wannan aiki. Ɗan kasuwa na wuni zaune a rumfa, ma'aikaci na wuni a kujerar sakatariya, hawan jini da ciwon suga kuma sun zama abin hira a majalisa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba baligi shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, sai dai mutane da dama kan fara su watsar, saboda babu wani buri da suka sa a gaba. Daga cikin wasannin da ke ba mutum irin wannan buri akwai tirayatilon, wato tsere uku a haɗe.

Yadda gasar take

Ana fara gasar da iyo, sai tseren keke, a rufe da gudu, kuma agogo ba ya tsayawa tsakanin ɗaya da ɗaya. Lokacin da ɗan wasa ya ɓata wajen fitowa daga ruwa, sa takalmi da ɗaukar keke, duk yana cikin lissafinsa.

Tsawon tseren mataki-mataki ne. Gajeren zango shi ne iyo na mita 750, keke na kilomita 20 da gudu na kilomita 5. Zangon da ake yi a gasar Olamfik ya ninka wannan: iyo kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Ƙwararru kan gama shi a ƙasa da awa biyu, mai yi don sha'awa kuwa yakan kwashe awa uku ko kusa da haka. Mafi tsawo a cikin fitattun zanguna shi ne Ironman, mai iyo na kilomita 3.8, keke na kilomita 180 da gudun fanfalaki na kilomita 42.2, wanda bisa al'ada ake ba mutum awa 17 ya kammala.

Akwai dokoki kaɗan da sabon shiga ba zai yi wasa da su ba. Dole ya ɗaure hular kwano kafin ya ɗauki kekensa, kuma ba zai kwance ta ba sai ya ajiye shi. A yawancin gasannin masu sha'awa an hana manne wa bayan wani mai keke don fakewa daga iska. A ruwa an yarda da kowane salon iyo, a wajen gudu kuma wanda ya gaji yana iya takawa a hankali.

Wasan da masu sha'awa suka kafa

An yi gasar farko ta wannan zamani a ranar 25 ga Satumba, 1974, a birnin San Diyego na Amurka, inda Jack Johnstone da Don Shanahan, 'yan wata ƙungiyar masu gudu, suka tara mutum 46. Ita kuwa Ironman gardama ce ta haife ta. A Hawayi, wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy, suka kawo shawarar a haɗa tsere uku don a raba musun wane ne ya fi juriya tsakanin mai iyo, mai keke da mai gudu. A ranar 18 ga Fabrairu, 1978, mutum 15 suka shiga, 12 suka kai ƙarshe. Wanda ya zo na ɗaya, Gordon Haller, direban tasi ne a lokacin, kuma ya gama cikin awa 11 da minti 46.

An kafa hukumar wasan ta duniya a 1989 a Faransa, aka shigar da shi Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000. Duk da haka, har gobe mafi yawan waɗanda ke cika fagen tsere masu sana'o'insu ne: malamai, 'yan kasuwa, likitoci da ma'aikatan gwamnati. Ana kasa su rukuni-rukuni bisa tazarar shekara biyar-biyar, ta yadda ɗan shekara 47 zai auna kansa da 'yan 45 zuwa 49. Wata Ba'amurkiya, Madonna Buder, ta kammala Ironman a 2012 tana da shekara 82.

A Afirka, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya ci lambar tagulla a Olamfik ta 2016, Ruwanda kuma ta karɓi gasar rabin zangon Ironman a gaɓar tafkin Kibu a 2022. Nijeriya ma tana da hukumar wasan ta ƙasa. Batun sutura kuwa ya samu maslaha: Shirin Gerami, 'yar Iran, ta kammala babbar gasar Hawayi a 2016 sanye da kayan da suka rufe mata jiki da kai.

Inda gizo ke saƙa: ruwa

Mutumin Baure yana da kashi biyu cikin uku a hannu. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, keke ba baƙo ba ne, mai gyaransa yana bakin kasuwa, kuma titin da ya bi ta Zango zuwa Daura ya isa filin atisaye ga wanda ya fita da sassafe. Matsalar tana ga iyo, kuma a nan ne rai ke shiga haɗari.

Wani bincike da likitoci suka wallafa a Amurka a 2017 ya tattara mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a gasannin tirayatilon na ƙasar daga 1985 zuwa 2016. Casa'in daga cikinsu a ruwa abin ya same su. Mafi yawansu maza ne, kuma matsakaicin shekarunsu ya kusa 47. Wannan shi ne daidai shekarun ɗan kasuwa ko ma'aikacin da tumbi ya fara damunsa har ya yanke shawarar motsa jiki. Dalilin a fili yake: wanda zuciyarsa ta motsa a kan titi zai iya zama a gefen hanya a kawo masa ɗauki, wanda ta motsa masa a tsakiyar ruwa kuwa nutsewa zai yi kafin a ankara.

Saboda haka matakin farko ga duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini, ciwon suga, ko tarihin ciwon zuciya a danginsa, shi ne ganin likita a auna jininsa a duba zuciyarsa. Ciwon ƙirji, jiri, suma ko ɗaukewar numfashi yayin atisaye alamu ne na a tsaya a tafi asibiti.

Sai tambayar inda za a koyi iyon. Kududdufan da damina ke cikawa da madatsun ruwa irin Sabke da Daberam a ƙasar Daura ba don koyon iyo aka tanade su ba. Zurfin kududdufi ba ya da tabbas, ƙasansa taɓo ne mai riƙe ƙafa, kuma kusan kowace damina sai an ji labarin yaran da ruwa ya ci a Arewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021. Ga kuma tsargiya, wadda ƙwayoyinta ke rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ke kwance, su huda fatar mai wanka, daga baya ya fara fitsarin jini. Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Tana da magani, amma wanda ya koma ruwan zai sake ɗauka.

Hanya mafi aminci ita ce koyo a ginannen wurin iyo mai tsaftataccen ruwa, irin na wasu otal-otal da makarantu a Katsina da Kano, ƙarƙashin mai koyarwa, kuma kada a taɓa shiga ruwa ba tare da wani yana kallo ba. Iyo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kamar yadda wasannin kabanci na bikin Argungu ke nunawa, amma sarkawa tun suna yara suke koyo a gaban iyayensu.

Rana, hunturu da azumi

Abokin gaba na biyu shi ne zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, don haka lokacin atisaye shi ne bayan sallar Asuba, kafin rana ta take. Zafi ba ya jin kunyar ƙwararre. A Satumbar 2016, a tsibirin Kozumel na Meziko, Jonny Brownlee na Ingila yana kan gaba, saura ƙiris ya kai ƙarshe, zafi ya sa ya fara tangaɗi bai san inda yake ba, sai da yayansa Alistair, wanda sau biyu yana cin zinaren Olamfik, ya tallafe shi ya tura shi ƙetaren layi. Wanda aka ga yana tangaɗi ko sambatu a rana, a kai shi inuwa, a yi ta kwarara masa ruwan sanyi, a garzaya da shi asibiti.

Gumi yana fita da gishiri, don haka a doguwar tafiya ruwan gishiri da sukari ya fi ɗirkar ruwa zalla. A hunturu ƙura kan tayar da asma, kuma hazo kan hana direba hango mai keke, sai a sa riga mai haske. A watan azumi a rage atisaye, a mayar da mai nauyinsa bayan buɗa-baki.

Ta ina za a fara?

Keken gida mai lafiyayyen birki ya isa gajeren zango. Tayarsa mai faɗi ma ta fi siririyar tayar keken tsere jure rairayi. Abin da ba a yi masa rowa shi ne hular kwano da takalmin da ya yi wa ƙafa daidai. Mai lafiya da ya iya iyo zai iya shirya wa gajeren zango cikin wata uku, da atisaye biyu na kowane fanni a mako da hutun kwana ɗaya, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Sau ɗaya a mako ya sauka daga keke ya shiga gudu nan take, domin ƙafafu su saba da nauyin da kan kama su a wannan gaɓa.

Wanda bai iya iyo ba tukuna yana da duwatilon, ƙanwar gasar, wadda babu ruwa a cikinta: gudun kilomita 5, keke kilomita 20, sai gudun kilomita 2.5. Wannan ba ta fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta ma'aikata a Baure ba. Abin da take buƙata shi ne izinin ƙaramar hukuma, jami'an kiyaye haɗurra su tsare hanya, ma'aikatan lafiya da motar ɗaukar marasa lafiya, wuraren shan ruwa, da safiya mai sanyi a Nuwamba ko Disamba. Waɗanda suka fara wasan a 1974 ba su wuce mutum 46 ba, adadin da rumfunan layi ɗaya na kasuwa za su iya fitarwa.