Sergio Leone, Mutumin Italiya Da Ya Sauya Fim Ɗin Kaboyi

Da yawa daga cikin masu kallon fim ɗin kaboyi sun ɗauka duk daga Amurka yake fitowa. To, wasu daga cikin fitattun finafinan nan aikin mutumin Rum ne, Sergio Leone, wanda ko Turancin kirki bai iya ba a lokacin da ya fara yin su.

An haife shi a shekarar 1929, kuma sana'ar ya tarar a gida: mahaifinsa darakta ne tun zamanin finafinan da ba a magana a cikinsu, mahaifiyarsa kuma 'yar wasa ce. Ya daɗe yana mataimakin darakta, har da aikin Ben-Hur, kafin ya fitar da nasa na farko a 1961.

A 1964 ne sunansa ya fito, da fim ɗin A Fistful of Dollars. Kuɗinsa ba su kai ya ɗauki babban jarumi ba, sai ya ɗauko Clint Eastwood daga wasan talabijin, aka yi ɗaukar fim a busasshiyar ƙasar Sifaniya. Shi kansa Leone sunan aro ya sa, Bob Robertson, don 'yan kallo su zaci Ba'amurke ne. Labarin kuwa na Yojimbo ne, fim ɗin Akira Kurosawa na Japan, kuma ba a nemi izini ba. Sai da aka kai ƙara, aka ba masu shi kasonsu.

Abin da ya bambanta shi ba labari ba ne, salo ne. Kaboyin Amurka mutumin kirki ne, fes da shi. Na Leone kuwa gemu buzu-buzu, jiki duk ƙura, kuɗi kawai ya sa gaba. Sai ya cika allo da idanun mutum, a yi ta kallon-kallo babu mai cewa uffan, harbin da ake jira ya zo ya wuce cikin ƙiftawar ido. Kiɗan Ennio Morricone, wanda suka yi firamare tare, shi ke ɗaukar nauyin maganar. A Once Upon a Time in the West na 1968, an riga an tsara kiɗan tun kafin ɗauka, ana kunna wa 'yan wasa suna aiki. A ganina can ne gwanintar Leone ta kai ƙarshe, ko da yake The Good, the Bad and the Ugly na 1966 ya fi shi suna.

An ba shi aikin The Godfather ya ƙi, saboda yana da nasa labarin 'yan daba na New York. Ya kwashe fiye da shekara goma yana fama kafin Once Upon a Time in America ya fito a 1984. Masu rarrabawa a Amurka suka datse shi daga minti 229 zuwa 139, kasuwa ta ƙi. Ciwon zuciya ya kashe shi a Rum a 1989, yana shirin fim kan ƙawanyar da sojojin Jamus suka yi wa birnin Leningrad.