Awon ɗaki kafin sayen leda ko karo

A da, bahaushiya ba ta bukatar lissafi kafin ta gyara ƙasan ɗakinta. Daɓe ake yi: a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, mata su taru da madaɓai su yi ta bugu har ƙasa ta yi sumul. In tsakuwa ta kasa sai a ƙaro. Yanzu kuwa abin shimfiɗa saye ake yi, ko leda ko karo (a Nijeriya tayil ake cewa), kuma wanda bai auna daidai ba, ko dai ya yi asarar kuɗi ko ya sha kunya ranar jere. A wannan darasi za mu bi awon ɗaki guda, ɗalibi kuma ya riƙa lura da kalmomin da ke fitowa.

Hausa na da ma'aunanta na jiki. Taƙi awo ne da yatsu in an buɗe hannu. Kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Gaba kuwa in mutum ya miƙe hannuwansa biyu. Akwai kuma taki. Duk suna da amfani wajen igiyar guga ko zurfin rijiya, amma kamun dogo ba ɗaya yake da na gajere ba, shi ya sa a nan za mu yi aiki da mita, wadda a Yamai da Maraɗi za a ji ana kira metir.

A auna tsawo, a auna faɗi, daga bango zuwa bango, a ƙasa. Kowane a auna shi sau biyu, a wannan gefe da wancan, a riƙe adadin da ya fi yawa, domin ɗakin ƙasa da wuya bangonsa ya miƙe sak, na bulo ma ba kullum ba. Mu ce ɗakinmu tsawonsa mita 4,20 ne, faɗinsa 3,60. Tsawo sau faɗi ya ba mu 15,12. Wannan shi ne girman filin ɗakin, ana cewa murabba'in mita 15,12. Kalmar murabba'i aro ce daga Larabci, tushenta ɗaya da arba'in, wato abu mai gefe huɗu.

Karo ba shi da wuyar lissafi. In kowane ɗaya santimita 40 ne a kan 40, filinsa 0,16 ke nan. A raba 15,12 da 0,16, a sami 94,5, wato guda 95. Sai a ƙara kashi 10 cikin 100 saboda wanda zai fashe da wanda za a yanka a bakin bango, ya zama 105. In kwali na ɗauke da guda 10, kwali 11 za a saya. Ragowar a ajiye ta. Wanda ya koma kanti bayan wata biyu neman ciko, sau da yawa sai ya tarar samfurin ya ƙare, ko kuma launin sabon zuwa ya ɗan saɓa.

A wajen leda ne mutane suka fi faɗawa rami, har waɗanda suka iya lissafi. Leda a naɗe take zuwa, faɗinta a ƙayyade, tsawo kawai ake yankar maka. Mu ɗauka faɗin mita 2 ne. Mai gaggawa zai raba 15,12 gida biyu, ya sami 7,56, ya ce a ba shi mita 8, yana ganin har ya yi rara. Da ya zo gida sai ya ga falle biyu yake bukata, kowanne mita 4,20, alhali nasa 4 ne kowanne. Santimita 20 na sumunti za su rage a fili a jikin bango. Abin tambaya a nan shi ne falle nawa, kuma ta wace fuska za a shimfiɗa. In an bi tsawon ɗakin, falle biyu ne, mita 8,40. In an bi faɗinsa, falle uku ne masu 3,60, jimla 10,80. Ɗaki ɗaya, bambancin mita 2,40. Ni dai shawarata a bi tsawo, a sayi mita 9, musamman in ledar mai zane ce da ake son furanninta su haɗu a wurin gami.

Saura yadi. Wanda ya tsallaka Katsina ko Kano zai iya tarar da mai sayarwa da yadi yake awo, shi kuwa yadi tun 1959 an tsayar da shi a kan mita 0,9144. Yadi 9 mita 8,23 ne kawai, bai kai 8,40 ɗinmu ba. Don haka in ka ce "a ba ni tara," sai ka faɗi tara na me, ka kuma sa a auna faɗin ledar a gabanka, don akwai mai ƙafa 6, wato mita 1,83. Da irin wannan, falle biyu za su ba da 3,66, su rufe faɗin ɗakinmu da kyar, da rarar santimita 6.