Ƙwayoyin Katako Biyu a Wuyan Malam

Wanda ya bi hanyar Lamingo da sassafe cikin hunturu, ya fuskanci gabas da garin Jos, zai ga duwatsun Shere tsaye a gabansa, hazo ya rufe musu kai. Ƙololuwarsu ta kai wajen mita 1,829, babu inda ya fi ta tsayi a duk tudun Filato. A nan ne 'yan sikawut na ƙasashen Afirka suka kafa tantuna a shekarar 1977, suka yi babban taronsu na farko na nahiyar baki ɗaya, wanda a bakinsu ake kira jambori. Yaran da suka kwana a wancan zango yau sun yi furfura, da yawansu har da jikoki. Idan ana tuna irin wannan taro, fareti da tutoci ake tunawa. Ni kuwa hankalina yana wajen manyan da suka rako yaran, waɗanda suka bar aiki da iyali, suka riƙa ƙirga 'ya'yan mutane safe da yamma har kowa ya koma gidan ubansa lafiya.

A harkar sikawut yara ba su taɓa yin ƙaranci ba. Ka shiga filin wata firamare a Gangare ko Tudun Wada ko Bukuru ranar Asabar, ka busa usur sau biyu, kafin ka sauke hannu sun kewaye ka. Fiye da kashi 40 cikin 100 na mutanen Najeriya ba su kai shekara 15 ba. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne babban mutum mai hankali da amana, wanda zai ba da lokacinsa ba don kuɗi ba, kuma ya yarda a zaunar da shi a koya masa aikin tukuna.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi mutane suka fi rainawa. A ganin wasu ai wasa da yara ne, duk wanda ya haifa ko ya taɓa riƙe alli ya iya. Robert Baden-Powell, hafsan sojan Ingila da ya kafa ƙungiyar, bai ga haka ba. A watan Agusta na 1907 ya kai yara kimanin 20 tsibirin Brownsea ya gwada tsarinsa, a 1908 ya fitar da littafinsa, abin ya yaɗu ƙasa ƙasa har ya iso Najeriya a 1915. Da yara suka yi yawa sai giɓin ya fito fili, domin manyan da ke gabansu wasu fareti kawai suka sani, wasu kuma aji da allo. Saboda haka a watan Satumba na 1919 aka buɗe horon shugabanni na farko a Gilwell Park, wani fili mai itatuwa a gefen Landan. Waɗanda suka kammala, Baden-Powell ya ba su ƙwayoyin katako da ya ciro daga wata doguwar sarƙar wuya da ya samo a ƙasar Zulu a 1888, wadda ake dangantawa da Sarki Dinuzulu. Daga nan lambar ta sami sunanta, Wood Badge, wato lambar katako. Har gobe wanda ya gama wannan horo yana rataya ƙwaya biyu a tsirkiyar fata, mataimakin mai horar da shugabanni uku, cikakken mai horarwa huɗu. Tushen lambar daga Afirka ya fita, ta hannun sojan mulkin mallaka, kuma idan yaranmu suka tambaya, haka ya kamata a faɗa musu.

Yadda ake horon shi ya fi burge ni. Ba a fara da Wood Badge. Sabon shiga yana bi ta ƙananan kwasa-kwasai na share fage, ya san alkawarin sikawut da dokokinsu da yadda ake tsara zaman mako. Idan lokacin babban horon ya yi, sai a kwashi manya, mai digiri da mai sana'a, a raba su ƙananan rukunai kamar yadda ake raba yara, shida zuwa takwas, abin da suke kira faturol. Su za su kafa tantinsu, su nemo itace, su girka abincinsu, su haƙa ramin shara, shugabancin rukunin kuma yana zagayawa a tsakaninsu. Hikimar ita ce mutum ya ɗanɗani abin da yaro ke ji idan igiya ta kwance masa a gaban tsara, ko aka ba shi umarnin da bai gane ba. Bayan zangon ma ba a ba shi lambar nan take. Sai ya koma wajen yaransa ya yi watanni yana aiki da abin da ya koya, masu horarwa suna bibiyarsa.

Ana gane wanda ya bi ta wannan hanya daga hannuwansa. Na sha tsayawa a gefen fili ina kallo. Yara sun jera duwatsun murhu uku, sun cusa kara da ɗanyen itace, iskar Jos tana kashe ashana ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi ya cika musu ido. Za ka ji ɗaya ya rugo yana cewa, "Malam, wutar ta ƙi kamawa." Wanda bai samu horo ba durƙusawa yake ya hura da kansa, cikin minti biyu ta kama, yara su tafa masa, kuma babu wanda ya koyi komai. Horarre kuwa hannunsa yake mayarwa baya ya riƙe. Abin da zai ce bai wuce, "Daga ina iskar take zuwa? Je ka ku yi shawara da shugabanku." Shugaban nan yaro ne ɗan shekara 13 ko 14. Wataƙila sai bayan rabin awa wutar za ta tashi, wataƙila shinkafar ta kama ƙasa, amma su suka dafa ta, kuma za su cinye ta tas. A al'adarmu, inda babba yake faɗa yaro ya bi, wannan janye hannu yana da wuya ƙwarai. Baden-Powell ya so shugaba ya zama kamar babban wa ga yaran, kuma duk wanda ya taɓa riƙon ƙanne ya san akwai ranar da za ka bar ƙane ya yi tuntuɓe kana tsaye kusa da shi.

Janye hannu ba sakaci ba ne, musamman a ƙasa irin ta Jos. Haƙar kuza ta bar kududdufai masu zurfi a wajen Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi, ruwansu kwance kamar ba komai, gaɓarsu kuma tana zaftarewa. Yaro ɗan gari ba ya ganin haɗarinsu. Duwatsun da suke da daɗin hawa da rani, santsi suke yi da zarar ruwan Yuli da Agusta ya sauka. Sanyin Disamba da Janairu kuwa yana iya kwantar da yaron da aka turo zango da riga ɗaya. Horarren shugaba yana zuwa ya ga wurin da ƙafarsa kafin ya kai yara. Ya san inda asibiti mafi kusa yake, ya san wane yaro ke da asma, wane ke da sikila, yana da lambar wayar kowane uba a takarda, ba a wayar da cajinta zai ƙare kaɗai ba. Ya iya tsai da jini, ya san saran maciji ba a tsaga shi ba a tsotse shi, asibiti ake yi da gaggawa. Ya iya ƙullin ceto, wanda ba ya shaƙe mutumin da aka zura wa igiya.

Akwai kuma haɗarin da ba ma son ambata. Duk inda aka tara yara, wani mai mugun nufi zai so ya shigo da rigar taimako. Ƙungiyar sikawut ta duniya, mai mambobi sama da miliyan 50, wadda Najeriya ta shiga a 1961, ta zartar da manufar kare yara daga cutarwa a taronta na birnin Baku a 2017. A aikace abin yana nufin a binciki mutum kafin a damƙa masa yara, kada babba ɗaya ya keɓe da yaro ɗaya inda ba a ganinsu, manya su kwana a tantinsu dabam, a daina horo da bulala da tsallen kwaɗo na wulaƙanci, kuma idan yaro ya kawo ƙara a saurare shi, a kai maganar inda ya dace. Ina roƙon iyaye su riƙa tambaya ba kunya: malamin nan wa ya horar da shi, kuma manya nawa ne za su kwana a zangon? Shugaban ƙwarai daɗin wannan tambaya yake ji.

Duk wannan ana buƙatarsa a ko'ina. Abin da ya sa na jingina maganar ga Jos shi ne halin da garin ya shiga tun rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010. Unguwanni sun rabu, makarantu sun bi sahu. Akwai saurayin da aka haifa a Unguwar Rogo, ya girma bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da tsaransa na Unguwar Rukuba ba, alhali tsakaninsu ba wata tafiya ba ce. Garin ba ya rasa ƙungiyoyin matasa masu kaki. 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala, wadda a Jos ɗin aka kafa ta a 1978, suna aiki tuƙuru a masallatai da wuraren taro, haka ma Boys' Brigade da Girls' Brigade a majami'u. Sai dai kowacce a cikin gidanta take. Sikawut ƙofarta a buɗe take ga kowa, alkawarinta ya ɗora wa yaro sauke haƙƙin Ubangijinsa bisa addininsa, ba ta kuma nemi ya bar komai a bakin ƙofa ba. A 2011 ƙungiyar ta duniya ta ƙaddamar da shirin Manzannin Zaman Lafiya da goyon bayan Sarki Abdullah na Saudiyya da Sarki Carl Gustaf na Suwidin, domin irin wannan aiki.

Amma shiri a takarda ba ya haɗa yara. Mutum ne ke haɗa su, kuma sai ya san kan abin. Shi zai tsara jadawalin zango yadda Sallar Juma'a da ibadar Lahadi za su samu wurinsu ba tare da wani ya roƙa ba. Shi zai tanadi ruwan alwala a cikin lissafin jarkoki, ya tabbata naman da ya shiga tukunya kowa zai iya ci, ya guji sa doguwar tafiyar ƙafa cikin azumi. Shi zai raba rukunai yadda ɗan Birom da Bahaushe da ɗan Afizere da Ibo za su riƙe igiyar tanti ɗaya. Idan wata baƙar magana da yaro ya kwaso daga gida ta suɓuce a bakin wuta, shi zai san yadda zai tare ta ba tare da ya tozarta yaron ko ya yi kamar bai ji ba. Kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ga wannan, koya ake yi. Kuma wurin koyon yana bakin ƙofa, tunda a duwatsun Shere ɗin ne makarantar tsauni ta cibiyar da aka fi sani da Man O' War take, cibiyar da Alec Dickson ya assasa a 1951, inda aka daɗe ana horar da matasan ƙasar nan juriya da shugabanci.

Wahalar 'yan sa-kai ba ɓoyayyiya ba ce. Ba su da albashi. Kaki da ƙyallen wuya da kuɗin kwas da na mota duk daga aljihunsu suke fita, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 zuwa Lamingo da dawowa ma ya zama lissafi. Da yawa kan tsaya a horon farko saboda haka. Mai hali da ke son taimaka wa yaran unguwarsa, kafin ya sayo ganguna da tutoci, ya biya wa mutum biyu kuɗin horo, kuma ɗaya daga ciki ta zama mace. Iyaye ba za su saki 'ya mace ta kwana a zango ba sai sun ga babbar mace da suka yarda da ita, kuma gaskiyarsu ce. Ƙungiyar 'yan mata ta Girl Guides tana Najeriya tun 1919, amma a unguwanninmu mata shugabanni sun fi maza wuyar samu.

Ba sai wanda ya yi sikawut yana yaro ba. Tela yana da abin koyarwa, haka kafinta da nas da direba da malamin Islamiyya da ɗan fansho. Hanyar ita ce mutum ya nemi rukunin da ke makaranta ko unguwa mafi kusa da shi, su haɗa shi da shugabannin ƙungiyar na yankin, ya yarda a bincike shi, ya fara a matsayin mataimaki ƙarƙashin wanda ya riga shi. Aikinsa na farko a zango ba zai wuce riƙe tocila da takardar sunaye ba, yana bin tanti tanti bayan an kashe wuta, yana kiran suna yana jiran amsa, har lissafin ya cika daidai da na safe.