KULA DA AMYA A ƘARSHEN HUNTURU

Mutane da yawa suna tsammani aikin mai kiwon zuma ba ya tashi sai ranar ɗiba. Wannan kuskure ne da yakan sa sabon shiga ya je amyarsa da bazara ya tarar ƙudan sun yi ƙaura. Zumar da za a sha a Afrilu, tun daga Janairu da Fabrairu ake neman ta.

Ga dalili. Daga ranar da sarauniya ta saka ƙwai, sai an yi kwana 21 kafin ma'aikaciya ta fito. Bayan ta fito kuma takan yi wajen mako 3 tana aikin cikin gida, tana renon ƙanana, tana gina saƙa, kafin ta soma fita neman ruwan fure. Wato mako 6 ke nan. Saboda haka ƙudan da za su ci moriyar furen ɗorawa da kaɗanya da darbejiya, tun sanyi bai gama wucewa ba ake ƙyanƙyashe su. Idan gida ya wahala a wannan lokaci, fure zai zo ya wuce ba masu kwasa.

Abu na farko shi ne ruwa. A ƙasashen Turai yunwa da dusar ƙanƙara ke kashe ƙuda a ƙarshen sanyi, amma a wurinmu ƙishirwa ta fi yin ɓarna, don ƙoramu sun ƙafe. Ƙuda na bukatar ruwa don haɗa abincin 'ya'yansu, da kuma sanyaya gida, gama ɗakin reno yana son zafi wajen digiri 35 kullum. Ajiye kasko a inuwa kusa da amya, ka zuba tsakuwa a ciki don su sami wurin sauka, kada su nutse. Kada ka bari ya bushe ko da kwana ɗaya.

Na biyu, wuta. Lokacin ne ciyawa ta bushe ƙarau, mafarauta kuma suna cinna wa daji wuta. Share ciyawar da ke kewaye da amya ƙal, ka bar fili mai faɗi.

Na uku, abokan gaba. Kwarkwasa na iya korar gida ɗungum a dare ɗaya. Idan amyarka ta katako ce mai ƙafafu, sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin mai, ka kuma sare duk reshen da ya taɓa ta. Toshe tsagar da iska ta buɗe a jikin katako, ka rage faɗin ƙofa don masu gadi su iya tsaronta. Tsohuwar saƙa da ta yi baƙi, wadda ƙuda suka bari, cire ta, don nan asu ke saka ƙwai.

Kada ka buɗe amya da sanyin safiya ko ranar da iska ke kaɗawa, don sanyi na kashe 'ya'yan. Bari sai da la'asar sakaliya. Rufe jikinka da fuskarka sosai, ka yi hayaƙi kaɗan da totuwar masara ko busasshen kashin shanu. Amya mai sanduna, irin wadda aka fi sani da ta Kenya, tana da sauƙin dubawa, gama kowace sanda saƙa ɗaya take ɗauka. Idan ka ga ƙwai, sarauniya na nan, ba sai ka neme ta ba. Idan ka ga ba zuma ko kaɗan, dama sukari da ruwa daidai wa daida, ka sa musu a ciki. Da zarar fure ya wadata sai ka daina, don kada sukari ya gurɓata zumarka.

Daga ƙarshe, yi shirin bazara. Duba ko amya na samun inuwa da tsakar rana, don zafin Maris da Afrilu na iya narkar da saƙa. Shafa kakin zuma a jikin amyar da ba kowa, ka kafa ta, ko taron ƙuda masu neman gida za su shiga. Ranar ɗiba kuwa, ɗauki saƙar da aka rufe bakinta da kaki kawai, ita ce zumar da ta nuna. Ka bar musu ta 'ya'ya da ɗan abin da za su ci.

Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Wanda ya jure ɗaukar ruwa da sharar ciyawa a cikin sanyi, shi zai lashi zaƙin.