Yadda A Ke Mai Da Tarakta Motar Ɗaga Kaya

A ƙasarmu tarakta ta kan yi aiki da damina, in kaka ta wuce sai a jingine ta a inuwa har wajen wata shida. A cikin watannin nan kuwa ne a ke ta faman ɗawainiya da buhunan hatsi da na takin zamani da siminti. Saboda haka waɗansu su kan yi tambaya, su ce, ko a iya mai da tarakta ta zama motar ɗaga kaya, irin mai yatsu biyu ɗin nan da mu ke gani a manyan sito-sito? I, ana iyawa. Amma kafin a kira mai walda, akwai lissafin da ya wajaba a yi. Shi za mu bayyana a nan.

Asalin dabarar

Dabarar nan ba yau aka fara ta ba. A shekarar 1926 wani mutumin Ailan ta Arewa, Harry Ferguson, ya yi rajistar wata hanya ta ɗaura garma a bayan tarakta. Hanyar ita ce hannuwa uku na ƙarfe, biyu a ƙasa, ɗaya a bisa. Famfon mai ne ke ɗaga na ƙasan, man kuwa shi makanikai ke kira haidurolik. Yau kusan ko wace taraktar noma tana da hannuwan nan. Kun ga ke nan tun daga masana'anta an yi ta da ƙarfin ɗagawa.

A shekarar 1958 kuma, a garin Ancenis na ƙasar Faransa, wani mutum mai suna Marcel Braud ya ɗauki taraktar noma, ya juya ta, baya ya zama gaba. Ya kafa mata tsanin ƙarfe mai ɗaga kaya a wajen manyan ƙafafu. Ta haka aka sami motar ɗaga kaya mai shiga laka da rairayi, wadda a ke kira Manitou. Kamfanin yana nan har yanzu.

Don me a baya, ba a gaba ba?

Ku dubi tarakta da kyau. Ƙafafun baya manya ne, ƙarfen da ya haɗa su mai kauri ne, su ne kuma ke tura motar. Na gaba ƙanana ne, aikinsu bin sitiyari. In an ɗora kaya mai yawa a gaba, sitiyari ya kan yi tauri, ƙarafan gaba su gaji da wuri. Shi ya sa masu wannan aiki suka fi sa yatsun a baya.

Hanya uku ce. Ta farko, a ƙera firam mai yatsu biyu a ɗaura a hannuwan nan uku. Ita ta fi sauƙi da araha, amma ba ta ɗaga kaya bisa ƙwarai, sai dai a kwashe daga nan a kai can. Ta biyu, a sayi tsanin tsohuwar motar ɗaga kaya wadda injinta ya mutu, a ɗaura shi a bayan tarakta, a jawo masa mai da tiyo. Wannan ya isa a yi wa babbar mota lodi. Ta uku, a juya kujera da sitiyari da birki su fuskanci baya, kamar yadda Braud ya yi. Wannan aikin gwanaye ne, taraktar kuma ta bar noma ke nan. Manomi mai tarakta ɗaya tak, mu dai shawararmu ya tsaya kan ta farko ko ta biyu, don in damina ta zo ya zare ƙusoshi uku ya mai da garmarsa.

Lissafin nauyi

Kowa ya san jaki da mangala. In gefe ɗaya ya fi nauyi, kaya sai su zube. Haka tarakta ta ke. Ƙafafun baya su ne tsakiya, inji yana rinjayar gaba, kaya suna rinjayar baya. Ko wane kilo da aka ɗora a yatsu yana rage nauyin da ke danne ƙafafun gaba. Nisan kaya kuma yana ƙara masa rinjaye.

Ga misali. A ce nauyin tarakta kilo 2,500 ne, kilo 1,000 daga ciki yana kan ƙafafun gaba. A ce kuma tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 2 ne. To, a ɗora buhun taki 20, ko wanne kilo 50, watau kilo 1,000 ke nan. In tsakiyar kayan tana mita 1 daga ƙafafun baya, gaba zai rasa kilo 500, saura 500. In kayan sun matsa zuwa mita ɗaya da rabi, gaba zai rasa 750, saura 250. In sun kai mita 2, ba saura ko kaɗan, gaban tarakta sai ya tashi sama. Buhunan ba su ƙaru ba, nisa ne kaɗai ya ƙaru.

Ƙa'idar ita ce, a ninka nauyin kaya da nisansu daga ƙafafun baya, a raba da tsawon da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Abin da aka samu shi gaba ya rasa. Masana aikin tarakta sun ce kada abin da ya rage a gaba ya kasa kashi ɗaya cikin biyar na nauyin tarakta, in ba haka ba sitiyari ba ya kama ƙasa. A misalin nan namu kilo 500 ke nan. Kada kuma a manta, firam da tsani su ma suna da nauyi, a cikin lissafin su ke. In tsani ya ci kilo 300, buhu 14 kaɗai za a ɗora, ba 20 ba.

Abu biyu ke taimako. A matso da firam kusa da jikin tarakta iyakar iyawa. Sa'an nan a rataya ƙarafa masu nauyi a gabanta, irin waɗanda a ke sayarwa don wannan aiki. Duk da haka kada a wuce iyakar da kamfani ya rubuta wa hannuwan ɗagawa da tayoyi.

Ƙira

Yatsun ɗaga kaya ba da ko wane ƙarfe a ke yinsu ba. Na gaskiya ƙarfe ne da aka gasa aka hore shi a masana'anta. Rodin gini ko bututu sai su lanƙwashe. Gara a nemi yatsun tsohuwar mota a kasuwar tsofaffin ƙarafa. A duba dunduniyarsu, watau inda suka yi kwana, don a nan su ke cinyewa. In kaurin wurin ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, ƙarfin yatsa ya ragu da wajen kashi 20, ya kamata a bar shi. Kada a yi wa yatsa walda, kada a huda shi, zafin wuta yana kashe horonsa. Da ƙugiya a ke rataya shi jikin firam.

Firam kuwa a ba mai walda wanda ya ƙware, ba yaron shago ba. A yi masa shingen ƙarfe a bayan yatsu don kada buhu ya zamo wa direba. In da tsani, a yi wa direba rumfar ƙarfe mai ƙarfi bisa kansa. A ɗaure sarƙoƙin gefe na hannuwan ƙasa don kada kaya su riƙa lilo.

Taraktoci da yawa suna da mariƙi biyu kusa da kujera. Ɗaya na huɗa ne, yana ɗaga garma da kansa in ƙasa ta yi tauri. Ɗayan na tsai da hannuwa ne a inda aka sa su. Da na biyun a ke ɗaga kaya.

Har wa yau, yatsu ba sa shiga ƙarƙashin buhun da ke kwance a ƙasa. Sai an yi gadajen katako da za a jera kaya a kai. Irin wanda a ke amfani da shi a Turai tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa 80. Ko wane kafinta ya iya yinsa.

In an gama, a fara gwaji da buhunan yashi kaɗan a fili mai tauri, a riƙa ƙarawa sannu sannu. Sa'an nan a rubuta iyakar nauyi da fenti, da manyan lambobi, a jikin firam, yadda kowa zai gani.

Hattara wajen aiki

Ƙafafun gaba na tarakta a kan ƙusa ɗaya su ke lilo a tsakiya, don haka ba sa hana ta kifewa gefe sai ta karkata sosai. Kaya kuwa in sun hau bisa, kifewa ba wuya. Kifewar tarakta tana kisa. Shi ya sa tun 1959 ƙasar Suwidin ta yi doka, ko wace sabuwar tarakta a sa mata ƙarfen kāre direba. In taraktarku tana da shi, kada ku cire.

Ga abin da za a kiyaye:

1. In za a yi tafiya, a sauke kaya ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a tafi da ƙaramar giya.
2. A haɗe birkin dama da na hagu wuri ɗaya.
3. A tudu, kaya su kasance wajen bisa. Watau a hau da baya, a sauko da gaba. Kada a ratsa gangara a karkace.
4. Kada a ɗaga tsani sai a wuri mai daidai, bayan an duba wayar lantarki a bisa.
5. Kada a ɗaga mutum a kan yatsu. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin kaya, domin in tiyo ya fashe, nan take su ke faɗowa.
6. Kada a nemi yoyon mai da hannu. Man yana fita da ƙarfin da ya isa ya huda fata. A kanga kwali, in kuwa ya shiga jiki a tafi asibiti nan da nan.
7. In an tashi aiki, a sauke yatsu har ƙasa, a kashe inji, a zare makulli saboda yara.

Tambayoyi

1. Don me a ke sa yatsu a bayan tarakta?
2. Buhun siminti kilo 50 ne. In iyakar firam kilo 600 ce, buhu nawa za a ɗora?
3. An ɗora kilo 800 a mita 1 daga ƙafafun baya. Tsakanin ƙafafun gaba da na baya mita 2 ne. Kilo nawa gaba ya rasa?
4. Me ya hana a yi wa yatsa walda?