BURS: KUƊIN DA KE KAI ƊAN TALAKA KARATU WAJE

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, babu jami'a ko guda a ƙasar. Yaron da ya gama babbar lakwal, in yana son zama likita ko injiniya, tilas ya ƙetare iyaka. Wasu Dakar, wasu Abijan, wasu Faransa. To, wane manomi ke da kuɗin jirgi da na cimaka da na ɗakin kwana a Faris? Ko ya saida rumbu da garke ba za su kai ba.

Shi ya sa gwamnati ke ɗaukar nauyin yaran da suka yi ƙoƙari. Kuɗin da take ba su, shi ƴan lakwal ke kira burs. Ba daga aljihun wani babba yake fitowa ba. Daga baitulmali yake fitowa, wato dukiyar jama'a. A shekarun farko gyaɗar Maradi da Damagaram ita ce babbar hajar da ƙasa ke saidawa waje. Ke nan gumin mai hauya yana cikin kowace takarda da ɗalibi ya buɗe a can. Wani lokaci kuma ƙasashe abokai, kamar Aljeriya da Maroko, su ke ba da gurbin karatu.

Ga labarin Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929. Ya yi karatu a Senegal, ya wuce Faris, ya ƙware a ilimin kimiyya. Ya koyar a Dakar da Konakiri. Daga baya ya samu burs ya tafi Rasha, inda ya duƙufa kan abu guda: yadda za a sa zafin rana ya yi wa mutum aiki. Ya zauna Bamako yana wannan bincike. A 1969 ya komo gida, aka ba shi shugabancin ma'aikatar ONERSOL a Yamai. Nan aka riƙa ƙera tukunyar ɗumama ruwa da murhun da ba ya cin itace, rana kaɗai ke hura shi. Duk macen da ta taɓa yin yini guda a daji neman kara ta san darajar wannan. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi.

Makiyaya ma suna da rabonsu. Likitocin dabbobi da yawa a makarantar Dakar suka koyo aikinsu, su ne ke tsara allurar rigakafin shanu.

Amma ba kowa ke komowa ba. Wani in ya ga albashin waje sai ya yi zamansa, likitar garinsu kuwa ba mai duba maras lafiya. Wannan hasara ce, domin an shuka a gonar gida, girbi ya tafi rumbun wani.

An buɗe jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970, sannan Maradi da Damagaram da Tawa suka samu nasu a 2010. Saboda haka karatu da yawa ana yin shi a gida, fita waje ta fi zama don ilimin da babu shi a nan. Hukumar da ke karɓar takardun masu neman burs ita ce ANAB. Abin da take dubawa shi ne sakamakon jarrabawar bak. Yaron da aka cire daga aji huɗu don ya bi awaki, ko yarinyar da aka aurar tun ba ta gama ba, sunansu ba ya zuwa teburin nan.